Malamin Lissafi da Matan Kulle na Kalkata

Ko kana rumfarka a Aboabo, ko kana zaune kan buhun gyaɗa kana jiran motar Kumasi ta cika, ka ba ni hankalinka kaɗan. Yau labarin wani malamin lissafi zan ba ka. Kada ka ce wannan ba naka ba ne, gama kai ma da lissafi ka ke ci. Da safe ka ƙirga jari, da maraice ka ƙirga ciniki, ka fid da uwa ka ga abin da ya ragu. Mutumin nan kuwa Allah ya ba shi kan lissafi irin wanda ba a cika samu ba. Amma lissafin da a ke tunawa da shi dominsa ƙarami ne, ko yaro ya iya yinsa. Ya shiga aji ya duba, ya ga rabin mutanen gari ba su zo ba, sai ya tambaya ina su ke.

Sunansa Thomas Smith. An haife shi ran 8 ga watan Yuli, 1817, a wani ƙauye mai suna Symington cikin ƙasar Sikotlan, wadda ta ke arewa da Ingila a kan tsibiri ɗaya. Ƙasa ce ta duwatsu da sanyi da tumaki. Ubansa shi ne faston ƙauyen. Mutanen ƙasan nan ba su da dukiya kamar maƙwabtansu na kudu, amma suna da wata al'ada mai kyau. Kusan kowane gari mai majami'a yana da makaranta kusa da ita, har ɗan makiyayi ya kan koyi karatu da ƙidaya. A irin wannan makaranta yaron ya fara. Yana da shekara 13 ya shiga Jami'ar Edinbara. Kada ka yi mamaki ƙwarai, gama a zamanin nan yara su kan shiga jami'a da wuri a Sikotlan. Abin mamakin shi ne yadda ya tsere wa tsaransa wajen lissafi da ilmin nauyi da motsi da haske.

A 1834 ya juya ga karatun tauhidi domin ya zama fasto kamar ubansa. Babban malaminsa a nan shi ne Thomas Chalmers, kuma ya kamata ka san wani abu a kan wannan dattijo, domin ka gane hannun da yaron ya faɗa. Chalmers shi ma lissafi ne ya fara cin zuciyarsa. A 1803 aka ba shi wata ekklesiyar ƙauye mai suna Kilmany, amma hankalinsa yana birnin St Andrews inda ya ke koyar da lissafi. Har a 1805 ya buga wata 'yar takarda yana cewa fasto ya iya gama aikinsa cikin kwana biyu, sauran kwana biyar na mako ya bi ilmin da ya ga dama. Bayan shekara 20, a babban taron ekklesiya, wani abokin gardama ya zaro takardan nan ya karanta a gaban jama'a domin ya kunyata shi. Chalmers ya miƙe, bai yi musu ba. Ya ce shi ya rubuta, ya kuwa yi kuskure. Ya ce lissafi ai ilmin girma da ƙanƙanta ne, amma shi a lokacin nan ya manta da awo biyu, wato gajartar kwanakin duniya da tsawon lahira. To, ka ji malamin da Smith ya zauna a gabansa.

Ana nan sai wani fasto mai suna Alexander Duff ya komo daga Indiya saboda rashin lafiya, yana zaga Sikotlan yana neman samari masu ilmi. Duff ya sha wuya kafin ya isa Indiya da fari. Sau biyu jirgin ruwa ya fashe da shi a hanya, littattafansa suka tafi a teku. Duk da haka ran 13 ga Yuli, 1830, ya buɗe makaranta a birnin Kalkata da yara biyar, da taimakon wani mashahurin ɗan ƙasa, Ram Mohan Roy. Kafin 'yan shekaru ɗalibai suka kai ɗaruruwa. Makarantan nan tana nan har wa yau, ana ce da ita Scottish Church College, birnin kuwa tun 2001 Kolkata a ke rubuta sunansa. Smith ya ji maganar Duff, ta shige shi. Aka naɗa shi a watan Maris, 1839, ya yi aure a shekaran nan, ya tafi. Shekarunsa 21 ke nan, bai cika 22 ba.

Akwai wani abu da ya kan ba ni dariya a nan. Bature ya ɗauki lissafi ya kai Indiya, ai kamar mai kai goro Gwanja ne. Alƙaluman nan goma da ka ke rubuta bashi da su a littafinka, daga Indiya su ka fito. Wani malaminsu mai suna Brahmagupta ya rubuta ƙa'idodin aiki da sifiri tun 628. Daga can ilmin ya zo Bagadaza, inda Alhawarizmi ya yi littafi a kansa wajen 825. Turawa ba su kama shi sosai ba sai da wani ɗan attajirin Italiya, Leonardo na Pisa, ya koya a bakin tekun Aljeriya inda ubansa ke aikin fatauci, ya rubuta nasa littafi a 1202. Ka ga ashe 'yan kasuwa ne su ka ɗauki sifiri daga ƙasa zuwa ƙasa, kamar yadda su ke ɗaukar gishiri da kanwa.

Amma ilmi ya kan tafi baƙunci ya komo da ƙari. Abin da Smith ya kawo wa samarin Kalkata shi ne abin da aka gina a Turai bisa wancan tushe. Bari in nuna maka guda ɗaya. In baƙo ya tambaye ka rumfar mai man kaɗe, ka iya ce masa, daga bakin ƙofa ka ƙirga layi huɗu, sa'an nan ka shiga ka ƙirga rumfa bakwai. Da lamba biyu kaɗai ka nuna masa wuri, ba ka tashi daga tabarmarka ba. Wani Bafaranshe, Descartes, ya nuna a 1637 cewa haka a ke iya yi wa kowane ɗigo a kan takarda, har miƙaƙƙen layi da da'ira su zama lissafi da a ke iya tarawa da ɗebewa. Da wannan dabara a ke zana taswira, da ita a ke auna gona da hanyar mota. Smith ya koyar da ita shekara da shekaru, har ya yi littafi a kanta wanda aka buga a 1857.

Kada in ɓoye maka dalilin da ya sa masu mishan su ka koyar da irin wannan. Duff yana da nasa lissafi. Ya ɗauka in 'ya'yan manya su ka koyi Turanci da ilmin taurari da siffar duniya, tsohon addininsu zai rushe da kansa, su zama Kirista. Wannan lissafi bai fita yadda ya zata ba. Waɗansu kaɗan sun tuba, cikinsu har da mutane masu daraja waɗanda su ka zama fastoci da malamai. Amma galibi sun ɗauki ilmin, sun sami aikin gwamnati da shi, sun kuwa riƙe addinin iyayensu.

To, ga inda idon Smith ya faɗa. Kowace safiya aji cike ya ke, amma duk maza. Yawancin samarin nan suna da aure, gama a ƙasar Bengal a kan aurar da yarinya tun tana ƙarama ƙwarai. Saurayi ya yini yana koyon tafiyar taurari, da maraice ya koma gida wurin matar da ba ta san ko baƙi ɗaya ba, da uwa wadda ita ke da iko a cikin gida, ita ma ba ta sani ba. Matan manyan gidaje, na Hindu da na Musulmi duka, suna zaune a wani sashe na gida da a ke kira zanana. Kalmar Farisa ce, daga zan, wato mace. Kai Bahaushe ba sai an yi maka dogon bayani ba. Ka san zaure, ka san inda baƙo namiji ya ke tsayawa, ka san abin da a ke nufi in an rubuta ba shiga a jikin bango. Kulle ke nan, sai dai nasu ya fi namu tsanani ta wani waje. Matar kulle a zangonmu ta kan soya ƙosai, ta dama koko, ta ɗora wa yarinya talla, ta riƙe adashi, lissafinta kuwa ba ya kuskure. A manyan gidajen Kalkata har da camfi a kan karatu. Ana cewa macen da ta koyi karatu mijinta zai mutu ya bar ta. Wani mutumin Sikotlan, William Adam, wanda gwamnati ta sa ya bincika makarantun Bengal daga 1835 zuwa 1838, ya tarar da camfin nan ya rubuta shi cikin rahotonsa. Gwauruwar Hindu ta babban gida kuwa a lokacin ba ta sake aure, saboda haka tsoron ba na wasa ba ne.

Kada ka zaci matan ba su so. Akwai wata mai suna Rassundari Devi, matar wani mai gonaki a ƙauyen Bengal. Ta sace warƙa ɗaya daga littafin mijinta, ta ɗauki ganyen giginyar da ɗanta ke koyon rubutu a kai, ta ɓoye su a ɗakin girki. Tana tuƙa abinci tana gwada baƙi da baƙi a ƙarƙashin mayafinta, har ta koya wa kanta karatu. Da ta tsufa ta rubuta labarin zamanta, aka buga shi. Ita ɗaya ce ta sami hanya. Dubbai ba su samu ba.

Kafin zuwan Smith an riga an buɗe waɗansu makarantun 'yan mata a Kalkata, amma 'ya'yan matalauta da marayu ne ke zuwa. Mai mutunci ba ya barin 'yarsa ta bi titi. Sai a 1840, shekara ɗaya da isowarsa, Smith ya rubuta shawara cikin wata jarida mai suna Calcutta Christian Observer. Abin da ya ce mai sauƙi ne. Tun da matan ba su iya fitowa zuwa makaranta, makaranta ta shiga wurinsu. Tun da namiji ba ya shiga, a aiki mata. A sami malamai mata, Turawa da 'yan ƙasa, su riƙa bin gida gida da yardar maigida, su zauna da uwargida da amare da 'yan mata a cikin ɗakinsu su koya musu.

A ganina kyawun shawaran nan shi ne ba ta nemi a rushe bango ba tukuna. Waɗansu Turawa sun tsaya a kan sai an bar kulle kafin mace ta sami ilmi. Smith ya ɗauki gidan yadda ya same shi, ya nemi ƙofar da ke buɗe. Mai lissafi haka ya ke yi, ya kan fara da abin da aka ba shi, ba da abin da ya ke so a ce an ba shi ba.

Mu ma a ƙasar Hausa an yi irin wannan tunani, a zamani ɗaya kuwa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta ga matan ƙauyuka ba su da hanyar zuwa wurin malamai. Sai ta zaɓi dattijan mata, ta naɗa kowace da malfa da jan rawani, a na ce da ita jaji. Jaji ta kan zo Sakkwato ko Wurno da ayarinta na tsofaffi da 'yan mata, su koyi karatu cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci, su koma su kai wa matan aure har cikin ɗaki. Su ne 'yan taru. Addini daban, harshe daban, teku da hamada a tsakani, amma dabara ɗaya: mace ce ke kai wa mace ilmi inda namiji ba ya shiga. Bambancin shi ne Nana 'yar gida ce, ba wanda ya ke zarginta da nufin ɓata addinin kowa. Smith baƙo ne, ɗan ƙabilar masu mulki, mai wani addini. Nasa aikin ya fi wuya.

Shawarar ta kwanta shekara 14. 'Yan'uwansa masu mishan sun ga abin ba mai yiwuwa ba ne, ga kuma wahalai da su ka taso. Ta fari daga gida ta zo. A Sikotlan an daɗe ana gardama a kan wa ke da ikon zaɓen fasto, jama'ar ekklesiya ko mai ƙasa. Kotu ta goyi bayan masu ƙasa. Ran 18 ga Mayu, 1843, fastoci fiye da 450 su ka fita daga ekklesiyar gwamnati, su ka bar albashi da gidaje, su ka kafa abin da su ka kira 'Yantacciyar Ekklesiya. Chalmers ne shugabansu na fari. Da labari ya iso Kalkata, Duff da Smith da abokan aikinsu su ka bi malaminsu. Ka san abin da wannan ya jawo musu? Ginin makaranta, da littattafai, da kayan gwaje-gwajen ilmi, duk na tsohuwar ekklesiya ne. Su ka bar su, su ka fita hannu wofi, kamar ɗan kasuwar da ya bar rumfa da kaya saboda magana ɗaya da ya ƙi janyewa. A 1844 su ka sake buɗewa a wani gidan haya, ɗalibai kuwa su ka bi su.

Wahala ta biyu ta fi shafar maganar mata. A 1845 wani ɗalibin makarantar, yaro ne matashi, ya karɓi baftisma tare da 'yar matarsa. Gari ya yamutse. Iyaye da yawa su ka janye 'ya'yansu, manyan Hindu su ka tara kuɗi su ka buɗe tasu makaranta. Ka sa kanka a matsayin maigida na lokacin. Mutanen da ka ke gani sun raba wani da ɗansa, su ne kuma su ke roƙo ka bar matansu su shiga wurin iyalinka. Ni ban ga laifin wanda ya yi jinkiri ba.

Amma samarin da Smith ya koyar ba su dawwama samari ba. Cikin shekara 14 sun zama masu gida, waɗansu akawuna, waɗansu lauyoyi da attajirai. Sun gaji da zama da matan da ba su iya karanta wasiƙarsu in sun yi tafiya. A 1849 kuma wani babban ma'aikacin gwamnati mai suna Bethune ya buɗe makarantar 'yan matan manyan gidaje, aka fara sabawa da maganar. Sa'an nan wani fasto, John Fordyce, ya zo da matarsa daga Sikotlan domin su lura da makarantar 'yan mata marayu ta mishan. Fordyce ya tono tsohuwar shawarar Smith. Su ka raba aiki. Fordyce da matarsa su ne masu horar da malamai mata. Smith kuwa, da ya ke ya san masu gari, shi ne mai bin zaure zaure yana neman izini. Abin da ya ƙara mini ganin girmansa shi ne bai yi ɓoye-ɓoye ba. Ya gaya wa kowane maigida a fili cewa malamar Kirista ce, za ta kuwa yi maganar addininta, kuma maigida ne zai biya ladan karatu. Wanda ya yarda ya yarda da idonsa biyu. Kaɗan su ka yarda. A 1854 aka tsara aikin, wata malama mai suna Eliza Toogood, wadda ta iya harshen Bengal sosai, ita ta fara shiga gidajen.

Daga 'yan gidajen nan abin ya yaɗu. Waɗansu ƙungiyoyi su ka ɗauka, Baptis a 1867, ekklesiyar Ingila da tata ƙungiya a 1880. Malaman da su ka shiga da allo su ka tarar da wani abin da ba su zata ba, wato mata suna mutuwa wajen haihuwa domin ba a yarda likita namiji ya gan su ba. Sai aka fara aiko da likitoci mata da ungozomai, aka gina asibitocin mata. Su ma Hindu da Musulmi su ka kafa nasu tsarin koyarwa a gida, domin kada su bar wa baƙi filin. A 1883 mata biyu 'yan Bengal, Chandramukhi Basu da Kadambini Ganguly, su ka sami digiri a Jami'ar Kalkata, su ne na fari a Indiya, Kadambini kuwa ta zama likita daga baya. Ba zan ce Smith ne ya yi wannan duka ba, hannuwa da yawa ne, mafi yawa na 'yan ƙasa. Amma ga abin dariya: jami'arsa ta Edinbara ba ta ba mace digiri ba sai 1893, shekara 10 bayan Kalkata.

Akwai wani babi na zamansa wanda ba shi da daɗin faɗi. A watan Mayu, 1857, sojojin Indiya da ke ƙarƙashin Ingilishi su ka yi bore, ya fara daga Meerut ya cinye arewacin ƙasar. An kashe Turawa har mata da yara, Ingilishi kuma su ka rama da kisan da ya fi wancan yawa nesa, har a kan ɗaure mutum a bakin igwa a harba. Smith ya zama faston wata rundunar Sikotlan, ta 42, wadda a ke kira Black Watch, ya bi ta zuwa fagen yaƙi. Aikinsa addu'a da jinya da binne matattu, amma dai yana gefen masu igwa, a kan mutanen ƙasar da ya zo koyarwa. Rundunan nan kuwa kakanninmu sun san ta. Ita ce ta yi gaba a yaƙin Amoaful ran 31 ga Janairu, 1874, ta shiga Kumasi bayan kwana huɗu, aka ƙone garin. Faɗuwar Kumasi ita ta sa Salga da ƙasashen arewa su ka kuɓuce daga hannun Asante, hanyar goro ta sake kama.

Cutar kwalara ta kama Smith, ya tsira da ƙyar. A 1858 ya bar Indiya ke nan. Mutum mai irin ilminsa ya iya neman babbar majami'a a unguwar masu kuɗi. A 1859 sai ya karɓi wata ƙarama a bakin Cowgate, ma'anar sunan hanyar shanu. Titi ne mai zurfi a tsohon birnin Edinbara, gadoji sun bi ta bisansa, rana ba ta cika sauka can ba. Matalauta ne a cunkushe, da yawa baƙi daga Ailan waɗanda yunwa ta koro, iyali guda a ɗaki guda. Shekara 20 ya yi a nan. Sa'ad da kwalara da agana su ka faɗa wa birnin, ya shiga gidajen masu ciwo, shi da ya riga ya ɗanɗana kwalara a jikinsa.

Duff ya rasu a 1878. A 1880 aka ba Smith kujerarsa a New College, makarantar tauhidi ta ekklesiyarsu, ya koyar da masu shirin fita mishan har 1893. A 1891 aka zaɓe shi shugaban babban taron ekklesiyar na shekara. Ya rubuta tarihin Duff, ya yi littafi a kan masu wa'azi na zamanin da. A sha'anin ekklesiya kuwa dattijon yana da taurin kai. Mutumin da ya kawo sabon abu a Kalkata shi ne mai ƙin sabon abu a gida. Ya daɗe yana hamayya da haɗa ekklesiyarsu da wata 'yar'uwarta, sai da aka yi haɗin a 1900 ya bi ba da son ransa ba. Haɗaɗɗiyar ekklesiyan nan ita ce ta aiko da Fasto Wilkie daga Kalaba zuwa ƙasarmu a 1918, bayan Ingilishi sun kori Jamusawan mishan Basel saboda yaƙi. Daga aikin Basel da na mutanen Sikotlan ne ekklesiyar Presbyterian ta Ghana ta fito, wadda ka ke ganin majami'unta da makarantunta a nan Tamale.

Lord Kelvin, wanda ya ke cikin manyan masana na zamanin, ya shaida cewa da Smith ya ba lissafi dukan ransa, da ya kai ƙololuwa a cikinsa. Gaskiya ne babu wata ƙa'idar lissafi da ke ɗauke da sunansa, ɗalibin yau ya iya gama jami'a bai taɓa jin labarinsa ba. Ko ya yi asara ko ya ci riba, kai ɗan kasuwa ne, ka auna da kanka. Amma son abin bai sake shi ba. Yana da shekara 85, a 1902, ya fid da littafi a kan Yuklid, malamin Iskandariya ta Masar wanda ya tsara ilmin awon siffofi wajen shekara 300 kafin haihuwar Almasihu, wanda kuma aka juya littafinsa zuwa Larabci a Bagadaza a zamanin Haruna Rashid. In ka taɓa ganin magini ya auna taku uku nan, huɗu can, biyar a karkace domin kusurwar ɗaki ta tsaya daidai, to, hujjar abin tana ƙarshen kashi na fari na littafin Yuklid. Da wannan tsohon ya yi hira a ƙarshen kwanakinsa.

Ya rasu a Edinbara ran 26 ga Mayu, 1906. Aka binne shi a makabartar Grange, inda Chalmers da Duff su ke kwance. Da shekara ta kewayo, a 1907, Ingilishi su ka ɗauke mazaunin mulkin arewa daga Gambaga su ka kawo shi Tamale. A 1909 aka buɗe makarantar gwamnati ta fari a garin nan, ta yara maza.